An hana waya a ƙofar makaranta, an saka gyaranta a manhaja

A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhajar karatu ta firamare da sakandare. Yawancinmu abin da muka tsaya a kai shi ne an rage yawan darussa. Aka yi murnar kwana biyu a Facebook, aka wuce zuwa wani zancen. Amma akwai abu guda a cikinta da ya kamata ka koma ka sake dubawa. Sana'o'i shida aka ware domin kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, noman lambu da na hatsi, sai gyaran kwamfuta da wayar salula. Ka lura da ta ƙarshen nan. Wayar da idan aka kama ƙanenka da ita a makarantar kwana za a ƙwace, wani wurin ma a farfasa ta a gaban asambili, ita ce yanzu gwamnati ke cewa a koya masa yadda ake kwance ta a mayar.

Abin bai kai saɓani ba, ana iya hana yaro chatin a aji kuma a koya masa canja gilashin waya a ɗakin koyon sana'a. Sai dai a makarantunmu rabin farko kawai ake aiwatarwa, domin shi ne mai arha. Hani ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Firinsifal ya faɗa da baki ranar Litinin, zuwa Laraba an fara binciken akwatuna. Koyarwa kuwa tana buƙatar malami, da wuta, da kayan aiki.

Masu goyon bayan hanin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. China ta bi sahu a 2021, inda ta ce sai da rubutaccen izinin iyaye yaro zai shigo da ita makaranta. Holan ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a Janairun 2024, Ingila ta bai wa shugabannin makarantu shawarar yin haka wata guda bayan nan, Brazil ta yi doka a Janairun 2025. Ostireliya ma ta zarce nan, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafafen sada zumunta gaba ɗaya. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha da ilimi ya ce kada a shigo da na'ura aji sai inda aka tabbatar tana taimakon karatu. Waɗannan fa ƙasashe ne masu intanet mai gudu da wutar da ba a ɗaukewa, ba tsoron zamani ne ya sa su ba. Kai ma shaida ne. Sau nawa ka buɗe waya don ka duba ma'anar kalma ɗaya, ka farga bayan rabin awa kana kallon bidiyon wani yana cin gasasshen kifi a TikTok? Idan mu da muke jami'a haka take yi mana, ina ga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare.

To amma me bincike ya nuna? A nan zancen ya ɗan rikice. A 2015 wasu masana biyu, Beland da Murphy, sun duba makarantu 91 a birane huɗu na Ingila, suka ga sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan an hana waya, kuma waɗanda suka fi cin moriyar su ne ɗaliban da ke baya a aji. Masu ƙoƙari dama can ba su canja sosai ba. Shekara goma bayan haka, a Fabrairun 2025, masu bincike a Jami'ar Birmingham suka duba ɗalibai 1,227 a makarantu 30. Suka ga yawan riƙe waya yana tafiya tare da ƙarancin barci da damuwa da raunin karatu, wannan babu musu. Amma tsakanin makarantun da suka hana da waɗanda suka bari, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Yaran da aka hana sun rage kusan minti 40 a lokacin makaranta, amma idan aka lissafa yini duka, kusan daidai suke da sauran. Wato abin da aka hana da safe, an rama shi da daddare a ɗaki.

Ni a ganina wannan binciken na biyu bai rushe hanin ba. Ya dai nuna iyakarsa. Aji ya fi natsuwa idan babu waya, malami ya samu sauƙi, amma yaron bai koyi yadda zai riƙe kansa ba. An ɗage masa matsalar ne zuwa bayan tashi.

Yanzu dawo gida. Mu ba sabon abu ba ne a wurinmu, makarantun kwana sun daɗe da hana waya tun kafin Faransa ta yi dokarta. Dalilan ma sananne ne: satar amsa a jarrabawa, kallon batsa, samari masu kiran 'yan mata da tsakar dare, sace-sace a ɗakin kwana, da gasar wa ya fi wa tsadar waya tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan mai facin taya. Malamin da ke fama da yara tamanin ko ɗari a aji ɗaya, ka ce masa ya sa ido a kan abin da kowa ke dannawa a ƙarƙashin benci? Ba adalci a ciki. Don haka ni ma ina tare da cewa kada waya ta shiga aji lokacin darasi. Har ta malamin ma, tunda akwai waɗanda ke ba da rubutu a allo su koma bakin taga suna duba WhatsApp har a kaɗa ƙararrawa.

Inda na rabu da su shi ne fasawa da ƙonawa. A Fabrairun 2020 Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan ta ƙona wayoyi sama da dubu da ta ƙwace a ɗakunan jarrabawa, aka ɗauki hotuna aka watsa. Wanda ya saci amsa a hukunta shi, akwai dokar makaranta a kan haka. Amma wayar dukiyar wani ce, sau da yawa ma ta uwa ce ko ta yaya aka ara. Darasin da yaro ke ɗauka daga wurin shi ne mai iko yana iya lalata kayanka ba tare da an tambaye shi ba, da kuma cewa gobe ya ƙara ƙwarewa wajen ɓoyewa. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san silin da cikin katifa da gwangwanin madara sun ɓoye abin da bincike bai taɓa ganowa ba.

Akwai kuma iyaye. Bayan Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, uwar da ta ce tana so ta riƙa jin muryar 'yarta da ke makarantar kwana ba shagwaɓa take yi ba. Makarantar da ta hana waya, wajibinta ne ta tanadi layi a hannun malamin ɗakin kwana, mai caji, mai kuɗi a ciki, da lokacin da kowa ya sani ana kira.

Babban bambancinmu da Faransa kuwa shi ne wannan: yaron Faris da aka karɓe wa waya yana da kwamfuta a makaranta, yana da wata a gida. Yaron Rano ko Gumel ko Illela, wayar yayansa ce kaɗai kwamfutar da ya taɓa riƙewa, idan ma akwai. Kuma ƙasar da ta hana shi ita ce ke jiransa da jarrabawar kwamfuta a bakin ƙofa. JAMB ta koma kwamfuta zalla tun 2015. Kafin ma ka yi rajista sai ka tura lambar NIN ɗinka ta saƙon waya, da layin da za ka ci gaba da riƙewa. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO su ma su koma kwamfuta. Ka yi tunanin yarinyar da ta shekara shida ana ce mata na'ura haramun ce a harabar makaranta, ranar farko da za ta riƙe linzamin kwamfuta ita ce ranar da za a yanke mata hukuncin shiga jami'a cikin awa biyu. Ta san amsar, hannunta ne ke rawa. Sabuwar manhajar ta saka darasin fasahar zamani cikin na dole a babbar sakandare, madalla. Amma idan a allo za a zana kwamfutar da alli, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu, to sunan darasin kawai aka canja.

Tsoron nan kuwa yana da tarihi. Tambayi babanka labarin tsarin 6-3-3-4 da aka fara a farkon shekarun 1980. Manufarsa ke nan tun asali, yaro ya gama ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka shigo da injinan kafinta da na ƙira daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya iya tayar da su. A 2011 aka sake gwadawa, aka saka sana'o'i 34 a babbar sakandare, har da gyaran wayar nan. Me ya faru? Makarantu da yawa suka zaɓi wadda za a iya koyarwa da littafi kawai, irin su darasin tallan kaya, yara suka haddace suka rubuta WAEC, suka fita ba su taɓa riƙe sukudireba ba. A Oktoban 2024 aka sanar da sana'o'i 15, kafin shekara ta zagayo aka mayar da su shida. Kowane minista da jerinsa.

Alhali masu sana'ar suna nan a gari. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga yara sa'o'in ƙanenka suna canja gilashi, suna gyara wurin caji, suna ɗora batir, wasu har suna lalubo matsalar da ke cikin injin wayar. Ba a aji suka koya ba, a gefen teburin maigidansu ne, da kallo da aike da shan faɗa. Haka masu haɗa sola, haka teloli. Makarantar jeka-ka-dawo da ke tsakiyar gari ba ta da uzurin cewa babu malamin sana'a. Abin da babu shi ne tsarin da zai yarda a kira mai gyara wanda ba shi da NCE ya shigo sau ɗaya a mako, a biya shi haƙƙinsa, malamin aji yana tsaye a gefe. Muna girmama takarda har ta kai mun fi yarda da wanda ya karanta labarin gyara a kan wanda ke ci da gyaran.

Sannan akwai wata ƙwarewar da ba ta cikin sana'o'i shidan, kuma ita ce ta fi cin matasa a yanzu: yadda za ka zauna da waya ba ta cuce ka ba. A Disamban 2016 MMM ta rufe da kuɗin mutane. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita irin wannan wasan, kuma cikin waɗanda suka yi kuka akwai masu digiri. Lissafin da zai nuna maka cewa babu halastaccen kasuwancin da ke ninka kuɗi cikin wata guda, lissafin aji uku ne, amma ba a taɓa kawo mana shi da wannan misalin ba. Haka alat na bogi da ake yi wa masu POS da masu shago. Haka wanda zai kira ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Haka manhajojin bashi da ke kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara su tura wa surukinka saƙo cewa kai ɓarawo ne. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su karɓi hotunan tsiraici sannan su nemi kuɗi. Ke da ke karanta wannan, wa ya taɓa zaunar da ke a makaranta ya gaya miki abin da za ki yi idan wani ya yi miki barazana da hotonki, wa za ki fara gaya wa, da dalilin da ya sa biyan kuɗin ba ya kawo ƙarshen abin? Mu a sashen koyon aikin jarida sai da muka shigo jami'a aka fara nuna mana yadda ake bin diddigin hoto a gane tsoho ne ko sabo. Wannan darasin minti arba'in ne, kuma ɗan sakandare ya fi mu buƙatarsa, domin shi ne ke tura wa zauren danginsu duk abin da ya gani.

Ba za a koyar da waɗannan da waya a kulle cikin ofishin firinsifal har ƙarshen zango ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a karɓa da safe, a rubuta suna a rajista, a mayar idan an tashi. A makarantar kwana a ware awa ɗaya ko biyu a mako, ƙarƙashin idon malami, a yi aiki da ita: cike fom, rubuta wasiƙar imel, gwajin jarrabawar kwamfuta, tantance labari. Wanda ba shi da waya ya zauna da mai ita. Wanda ya karya doka a kira mahaifinsa a damƙa masa kayansa.

Kai kuma da ka riga ka fita, akwai abin da ke hannunka. Idan ƙanenka ya dawo hutu, tambaye shi sana'ar da ya zaɓa cikin shidan, sannan ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe kayan aikinta. Idan ya ce a'a, ka kai maganar zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarku, wanda dama ba abin da ake yi a ciki sai gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Kusan kowane gida akwai matacciyar waya ɗaya ko biyu a cikin durowa. Ajinku kaɗai zai iya tara talatin. Ku haɗa da 'yan sukudirebobi da na'urar auna wuta da ƙarfen narka dalma, ku nemo ɗan ajinku da ke da teburi a kasuwar waya, ku je wurin firinsifal ku nemi ya ba ku ranar Asabar ɗaya a kowane wata.