Wa ya zana kuɗin da ke aljihunka?

Duk wanda ya yi wayo a Rano ko Kibiya kafin tsabar kuɗi ta ɓace yana iya tuna sisi da sule. Da aka fito da naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, kowane ƙarfe da abin da yake faɗa: sisi yana ɗauke da koko, sule da bishiyar kwakwar manja, kwabo 25 kuma da gyaɗa. Manomin da ya kai amfaninsa kasuwa, in aka miƙo masa canji, sai ya ga guminsa a tafin hannunsa.

To amma ka tambayi mutum goma wa ya zana su, da wuya ka samu amsa ko ɗaya.

A Jamus ba haka abin yake ba. Mikiyar da ke bayan yuro ɗaya da yuro biyu na ƙasar aikin Heinz Hoyer ne da matarsa Sneschana Russewa-Hoyer. Tsohon kuɗinsu na feni 50, wanda ya fito a 1949, yana nuna mace durƙushe tana dasa bishiya, alamar sake gina ƙasa bayan yaƙi. Richard Martin Werner ne ya zana shi, matar kuwa mai ɗakinsa ce, Gerda. Can gasa ake buɗewa, masu zane su kawo nasu, alƙalai su zaɓa, a bayyana sunan gwani.

Mu kuwa an daɗe ana zana mu daga waje. Jerin kan sarkin 1953, wanda ya nuna gyaɗa da mahayan Barno, wani Bafaranshe ne, Maurice Fievet, ya zana shi. Wancan zamanin mulkin mallaka ne, da uzuri. Yau wane uzuri gare mu?

A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Jama'a suka sha wuyar layin banki, ciniki ya tsaya a ƙauyuka, da kuɗin suka zo hannu sai aka tarar launi ne kawai ya sauya. Da an buɗe gasa, da aƙalla wahalar ta bar mana abin nunawa.

Wani zai ce wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da zane? Gaskiya ne, zane ba ya sauko da farashin masara. Sai dai kuɗi shi ne hoton da ke shiga kowane gida, har gidan da ba a karanta jarida. Mutane da yawa ta bayan naira 20 suka fara sanin Ladi Kwali, maginiyar tukwane.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano tarihi ya sani da baba da rini. Me zai hana karofi ya hau kan sarki, kuma ɗan yankin ya zana shi? Muna da masu zanen allunan shaguna da jikin manyan motoci, ga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Kirana ga Babban Bankin Najeriya da hukumar gidan waya, NIPOST, shi ne su riƙa buɗe gasa duk lokacin da za a yi sabon kuɗi ko kan sarki, a sanar har da Hausa a rediyo, a biya wanda ya yi nasara, a kuma faɗi sunansa. 'Yan majalisarmu na tarayya su ne ya kamata su fara kai wannan magana Abuja.