FILIN SANA'A: Hular jariri da kwarashi

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Iskar hunturu ta fara busawa. A watan Disamba da Janairu, daga Tawa har Damagaram, dare yakan yi sanyi ƙwarai. Wani dare ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Babba yana jawo bargo, yana matsawa kusa da wuta. Jariri sabon haihuwa ba ya iya yi ma kansa komi.

Ma'aikatan lafiya sun ce ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36 da rabi da digiri 37 da rabi. Kan jariri babba ne in anka gwada shi da sauran jikinsa. Ta nan ɗumi mai yawa ke fita. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi laƙwas, ya ƙi kama nono. Bakwaini da wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, su sunka fi shiga haɗari.

A shekara ta 1978, a wani asibiti na birnin Bogota, ƙasar Kolombiya, kwalaben ɗumama bakwaini sun yi kaɗan. Sai likitoci sunka ce uwa ta goya ɗanta a ƙirji, fata da fata, a rufa su da zane. Yara da yawa sunka rayu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wannan goyo da zarar an haifi ƙaramin jariri. Cikin goyon, jikin yaro yana manne da na uwarsa, amma kansa yana waje. Shi ya sa ake sa masa hula.

Hular nan ba sai an je birni ba. Mace tana iya saƙa ta a gida da kwarashi.

Kwarashi ɗan ƙarfe ne mai ƙugiya a baki. Ana samun sa wajen masu saida zare da allura a kasuwa. Akwai lamba a jikinsa. Mai koyo ta nemi lamba 3 ko 4, wato mai kaurin milimeta 3 ko 4. Siriri ƙwarai yana gajiyar da ido. Ta sayi zaren ulu mai laushi, launi mai haske. Baƙin zare yana ɓoye idanun saƙa, mai koyo ba ta ganin inda za ta soka. Dunƙule ɗaya mai giram 50 ya isa hula, har a samu saura.

Abin farko shi ne sarƙa. A yi zarge a bakin zare, a sa kwarashi ciki. A naɗa zare a ƙugiya, a jawo shi ta cikin zargen. An samu ido ɗaya ke nan. A yi ta maimaitawa. Mai koyo ta yi kwana biyu ko uku a kan sarƙa kaɗai, tana yi tana warwarewa. Zaren bai ɓaci ba. Yawancin masu koyo suna ɗaure zare tamau, kamar masu ɗaure akuya. Sai kwarashi ya ƙi shiga. Hannu ya saki kaɗan.

Abu na biyu shi ne doguwar saƙa. A naɗa zare sau ɗaya a kwarashi. A soka cikin ido, a jawo zare. Yanzu akwai zarge 3 a kan kwarashi. A naɗa, a ratsa 2. A sake naɗawa, a ratsa 2 da sunka rage. Shi ke nan.

Wadda ta taɓa saƙa faifai ta riga ta san rabin aikin hula. Daga tsakiya ake farawa, ana zagayawa, ana faɗaɗawa. A yi sarƙa mai ido 4, a haɗa bakinta ta zama zobe. Cikin zoben a yi doguwar saƙa 12. Zagaye na biyu, a sa biyu cikin kowane ido: 24. Zagaye na uku, ɗaya a ido na farko, biyu a na gaba, haka har ƙarshe: 36. Zagaye na huɗu, ɗaya, ɗaya, sannan biyu: 48. In zaren siriri ne a ƙara zagaye na biyar: 60. Kowane zagaye ana fara shi da sarƙa mai ido 3, ana lissafa ta cikin adadin. In an zagayo sai a haɗa da ita.

A nan ne lissafin da anka koya a ajin yaƙi da jahilci ke aiki. Kowane zagaye ƙarin 12 ne. Wadda ba ta ƙirga ba, sai faifanta ya yi tattara, ko ya lanƙwashe tun lokaci bai yi ba. Gara ta rubuta lambobin a littafi, tana soke kowane zagaye in ta gama shi. Ko an kira ta wajen tukunya, ta san inda ta tsaya.

Kewayen kan jariri sabon haihuwa wajen santimeta 34 ne. In faɗin faifan ya kai santimeta 10, a daina ƙari. A ci gaba da ɗaya cikin kowane ido. Saƙar za ta lanƙwaso da kanta kamar ƙoƙo. In zurfinta ya kai santimeta 12 ko 13, a yanke zare, a ɗaure, a ɓoye bakinsa cikin saƙa. Hular bakwaini ta fi wannan ƙanƙanta. In babu abin awo, a zagaya kan yaron da zare, a ƙulla, a riƙa gwadawa da shi.

Akwai abin lura. Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. In wuta ta taɓa shi yakan narke ya manne a fata. Kada a kwantar da yaro mai hular nan kusa da murhu ko kaskon gawayi. Kada a ɗinka mata maɓalli ko duwatsun ado, yaro na iya haɗiye su. Kada a sa mata doguwar igiya da za ta naɗe wuya. In rana ta yi zafi, ko yaro yana gumi, a cire ta. Ana wanke ta da sabulu da ruwan sanyi, a shanya, kada a sa masa ita da damshi. Kuma hula ba magani ba ce. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar.

Wasu maza suna cewa wannan aikin mata ne. To, maza ne ke saƙa a masaƙa, su ne ke ɗinkin babbar riga. Makiyayin da ke tufka igiya a gindin itace ba zai kasa kwarashi ba. Wanda ba zai koya ba, ya sayo zare ranar kasuwa.

Wadda hannunta ya faɗa tana iya saidawa a gidan suna. Ta rubuta kuɗin zare, ta rubuta kwana nawa ta yi. A ce ta sayi zare dala 100, ta saida hula dala 100, ba ta samu ko tamma ba.

Wata mai zuwa za a yi bayanin safar jariri. A ajiye sauran zaren.