RA'AYINMU: BAƘO RAƁA, ƊAN GARI KABA

Wata sana'a ta shigo ƙasar nan wadda ta ɗauke hankalin samari masu ilmi, watau hayar ɗaki ko gida ga baƙi na 'yan kwanaki. Mutum zai gyara wuri, ya zuba gado da kujeru da kayan girki, ya ɗora hotonsa a intanet. Baƙo daga wata uwa duniya ya gani, ya biya kuɗin kwana uku ko na mako guda tun bai taso ba. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, shi ya yi fice wajen haɗa mai gida da baƙo, yana cire kamashonsa a tsakani. A Ikko cinikin ya fi kankama cikin Disamba, sa'ad da 'yan ƙasa mazauna Turai da Amurka suke zuwa hutu. Haka abin yake a Kalaba lokacin bikin ƙarshen shekara da aka fara a 2004, haka kuma a Akra tun 2019, shekarar da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin waɗanda aka kwashe zamanin cinikin bayi su zo ganin tushensu.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Da yawa cikinmu suna lissafin shiga sana'ar don cike giɓin albashi, kuma kusan dukanmu 'yan haya ne. Saboda haka ya kamata mu auna ta da idon mai gida, mu kuma auna ta da idon ɗan haya.

Sauke baƙo don samun abin masarufi tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Fataken da suke zuwa Gwanja saro goro, da masu kai shanu Kurmi, gidan fatoma suke sauka, ko a Salaga, ko a Zangon Kumasi, ko a unguwar Sabo ta Badun. Fatoma yakan ba su makwanci da abinci, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya nemo masu saye, ya tsaya musu in an ba da bashi, kana ya ci la'ada. Amana ita ce jarinsa. Yana zaune tare da baƙinsa, ya san sunan kowa da garinsu, kuma zuwansu alheri ne ga unguwa, domin mai tuwo da ɗan dako da dillali duk suna samu. Da wannan mudu muke so a auna fatoman zamani.

Bari mu fara da lissafi. A ce, alal misali, gida ana hayarsa naira miliyan 3 a shekara, mai shi kuwa ya mai da shi masauki a kan naira 50,000 kowane dare. Dare 60 kacal ya maido masa hayar shekara, kuma a nan galibin masu ɗoki suke ajiye alƙalami. Amma ɗan hayar shekara shi yake sayen mansa na janareta, ya biya ruwa da wuta, ya share ɗakinsa. A hayar kwana duk wannan yana wuyan mai gida, ga wankin zannuwan gado, ga mai gadi, ga gyaran abin da baƙi suka ɓata, ga kamashon kamfani, ga kuɗin kayan ɗaki da aka zuba tun farko. In waɗannan suka cinye rabin abin da ya shigo, sai an sami dare 120 kafin a kamo hayar da, watau baƙo a dare ɗaya cikin kowane uku, daga farkon shekara har ƙarshenta.

To, daga ina waɗannan baƙi za su fito a garuruwanmu? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, kwana huɗu ne, kuma bayan na 2009 ba a sake yin sa ba sai 2020. Hawan Sallah na Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a Disamban 2024, amma 'yan kwanaki ne sau biyu a shekara, kuma an hana hawa a Babbar Sallar 2024, aka sake hanawa a 2025. Maƙwabtanmu na Agadas sun ga zamanin da Turawa masu yawon buɗe ido suke cika gari. Tawayen da ya tashi a 2007 ya ɗauke ƙafarsu, aka bar masu masauki da ɗakuna wayam. Ko a ƙasashen da suka daɗe cikin harkar, annobar 2020 ta tsai da ita cak, har kamfanin Airbnb ya sallami ma'aikata wajen 1,900, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Wanda ya ci bashi ya sayi kayan ɗaki yana jiran Turawa, lalle kallon kitse yake yi wa rogo.

Ta fuskar ɗan haya kuwa, abin ya fi ban tsoro. Duk gidan da aka mayar masauki ya fita daga hannun masu neman wurin zama, kuma in gidaje suka yi ƙaranci haya sai ta hau. Ƙaramin ma'aikacin da yake aiki a Abuja amma yake kwana a Nyanya ko Mararraba, da ɗalibin da bai sami gado a makaranta ba yake neman ɗaki a Samaru ko Kabuga, su ne za su fara ɗanɗanawa. Manyan biranen duniya sun riga sun ji a jikinsu. Tun Satumban 2023 birnin Niyok ya tilasta wa mai hayar da ba ta kai kwana 30 ba ya yi rajista, ya zauna cikin gidan tare da baƙinsa, kuma kada su wuce biyu. A 2024 magajin garin Barsalona ta ƙasar Sifen ya ba da sanarwar soke lasisin gidaje wajen 10,000 na 'yan yawon buɗe ido kafin ƙarshen 2028, don a mai da su ga mazauna. Abin lura shi ne, dokar Niyok tsarin fatoma ta komo wa.

Ba mu ce a guji sana'ar ba, domin hanyar abinci ce ga wanda ya shige ta da hankali. Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce a fara da abin da ake da shi, kamar ɗakin soro ko shagon da ba kowa, kada a fara da bashi. A yi lissafi da watan da babu kowa, kada a yi da makon biki. A kuma dubi baƙin da ba su yankewa: 'yan ɗaurin aure, mahalarta taro, 'yan kasuwar da suke zuwa sari Kantin Kwari, da dangin majinyata a manyan asibitoci. A rubuta sunan kowane baƙo da shaidarsa, a sanar da mai unguwa, domin maƙwabci yana da hakkin sanin wanda ya kwana bayan katangarsa.

Ga hukumomin jihohi kuma muna kira da babbar murya su shigo tun abin bai gagara ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe rajistar masu wannan haya, a bambanta mai ɗaki guda a gidansa da attajirin da ya kwashe bene sukutum, a ƙayyade yawan masaukai a unguwannin da suke kewaye da jami'o'i da sakatariyoyi, a kuma hana korar ɗan haya ba tare da cikakken wa'adi ba.

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da amfaninta, amma hantsi na yi ta bushe. Mai gidan da ya kori malamin makaranta ko akawu don baƙon kwana uku, ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa zai nemi wanda ya kora, ya tarar ya yi nisa. Mu da za mu zama masu gidajen gobe, kada mu manta da zaman hayar da muke yi yau. Allah ya sa mu gane.