Haba 'Yan Barkwanci, Tsallen Nan Ya Isa Haka!

Mai karatu, don Allah in tambaye ka: tun fitowar fim ɗin The Matrix a 1999, sau nawa ka ga an kwaikwayi tsallen nan na tsayawa cak a iska da gocewa harsashi? An yi a Scary Movie (2000). A Shrek (2001) Gimbiya Fiona ta tsaya a sama har da gyara gashi. A Kung Pow (2002) kuwa saniya ce ke harbi da nono, jarumi yana gocewa. Haba jama'a! Ai wannan lalaci ne.

Ka tuna fa, labarin cewa ya yi na'urori sun kwantar da 'yan Adam suna zuƙar ƙarfinsu, kwamfuta tana nuna masu duniyar ƙarya. Dubi Cypher, wanda ya ci amanar abokansa don a mai da shi cikin mafarkin. Yana taunar nama yana santi, alhali ya san babu naman! To nan abin dariyar yake, domin ni da kai ya taɓa. Amma masu barkwanci sun bar jaki suna dukan taiki. Wasan da bai sa ka tsargu ba, wallahi asarar kuɗin kallo ne.