Farautar ɓoyayyen sinadarin duniya: jin motsi daban, kama ɓarawo daban

A ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na ƙasar Italiya, inda duwatsu masu kaurin mita 1,400 ke tare hasken da ke zubowa daga sararin samaniya, masana kimiyya na aikin CRESST sun daɗe suna farautar ɓoyayyen sinadarin da ake kira dak mata, wanda aka kiyasta ya kai kashi 85 cikin 100 na sinadaran duniya baki ɗaya.

Dabararsu ita ce sanyaya ƙaramin lu'ulu'u har kusan digiri 273 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi, ko ƙwayar zarra ɗaya aka bugi, lu'ulu'un kan ɗan yi ɗumi, na'ura ta rubuta. A shekarar 2019 sun sanar da cewa lu'ulu'u mai nauyin giram 24 kacal na iya jin bugun da bai wuce elektron-bolt 30 ba. Amfanin hakan a fili yake: ƙwayar da ba ta da nauyi bugunta ba ƙarfi, sai kunne mai kaifi ke jin ta.

Sai dai da kunnen ya yi kaifi, sai aka fara jin motsin da ba a san mai shi ba. CRESST ta gan shi, EDELWEISS da ke Modan a Faransa ma ta gani. Motsin na raguwa da tafiyar lokaci, abin da ɓoyayyen sinadari ba zai yi ba, shi ya sa ake zargin matsi ne a jikin lu'ulu'un ko a abin da ke riƙe shi.

Masanan sun yi daidai da suka ƙi shelar nasara, suka zauna tare tun 2021 a taron EXCESS suna kwatanta sakamakonsu. Darasi na nan kusa da su: aikin DAMA, a wannan dutse, ya shafe fiye da shekaru 20 yana cewa ya ga alama, amma ANAIS a Sifaniya da COSINE a Koriya ta Kudu ba su tabbatar ba.

Don haka ya kamata masu ba da kuɗin bincike su fifita gano tushen wannan motsi a kan tseren rage ma'auni. Aikin NUCLEUS, mai shirin auna ƙwayoyin nutrino a tashar nukiliya ta Chooz, da wannan dabara zai yi aiki. Muddin ba a warware matsalar ba, duk sakamakon da ya fito da shakka zai zo.