Bayani A Kan Abin Da Bai Kamata Ba

 Ya ku malamai da almajirai na Mafara da Bakura da Maradun, ku sani abin ƙi iri biyu ne. Akwai wanda shari'a ta hana, kamar zina da cin amana, wannan ba shi sakewa da sakewar gari. Akwai kuma wanda al'ada ta ƙi, shi kuwa yana bin wuri da zamani da wanda ya aikata.

Ku duba, taubashi na zagin taubashinsa a yi dariya, amma in ya faɗa wa suruki maganar nan sai a yi shari'a. Imamu Shaɗibi ya ambata cikin Muwafaƙat cewa tafiya kai ba rufi aibi ne ga mai mutunci a ƙasashen gabas, ba aibi ba ne a Magrib.

Misali na kusa yana ƙasarmu. Wajen shekara ta 1786 Shehu Usmanu yana yawon wa'azi cikin Zamfara, har ya zauna Faru. Mata suna zuwa majalisinsa. Sai wani malami, Mustafa Gwani, ya yi waƙa yana zargin haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya amsa, ya nuna barin mata cikin jahilci shi ya fi muni, kuma lalura tana sa a ɗauki mafi sauƙin sharri biyu.

Dalilin maganata ke nan. Ɓarayin daji sun kori mutane daga ƙauyuka, matan kulle waɗanda ba su taɓa taka kasuwa ba sun shigo gari suna talla, suna aikatau, don marayu su ci. Na ji almajirai na ce musu marasa kunya. Ni kam na ce wannan zalunci ne. Wadda aka ƙone wa rumbu ba a auna ta da mudun wadda ke cikin gidan mijinta.

Kafin ka ce abu bai kamata ba, tambayi ukku: wa ya yi, ina, me ya kai shi? In shari'a ta hana, hana da hikima. In al'ada ce kaɗai, kame bakinka, ka miƙa hannu. Allah shi ba mu ganewa, amin. Wassalamu.