Ku Daina Cewa "Katun Ne, Na Yara Ne"

Babu maganar da ke tayar mini da hankali irin in ji babban mutum, har da masu riƙe da alli a makarantun Kafanchan, ya taɓe baki ya ce fim ɗin zane ai katun ne, na yara ne. Mutumin nan fa zai zauna sa'a uku gaban fassarar fim ɗin Indiya, jarumi ɗaya yana watsar da ƙarti hamsin, bai ga yarinta a nan ba. Amma aikin da aka zana da hannu, hoto bayan hoto sama da dubu ɗari, shi ne abin rainawa. Wannan jahilci ne, kuma mu muke asara.

Ina magana ne a kan Princess Mononoke, fim ɗin da Hayao Miyazaki ya yi a kamfanin Studio Ghibli na Japan a 1997. Da buɗewa, wani ƙaton aladen daji ya fito daga kurmi, jikinsa lulluɓe da baƙaƙen abubuwa masu motsi, duk ciyawar da ya taka sai ta ƙone. Yarima Ashitaka ya kashe shi don ya ceci ƙauyensu, amma la'anar ta kama masa hannu. Da aka duba gawar, sai ga dunƙulen ƙarfe a ciki. Harbinsa aka yi, zafin ya zama ƙiyayya, ƙiyayyar ta mayar da shi dodo. Tabon da ke hannun Ashitaka kuwa, duk lokacin da ya fusata sai ya ƙara masa ƙarfi, ya kuma ƙara cin jikinsa.

Wa zai gaya wa mutumin Kudancin Kaduna cewa wannan zancen yara ne? Mu da muka ga Kafanchan a 1987, muka ga Zangon Kataf a 1992, muke binne mutane har yau saboda rigimar ƙasa da gona da kiwo? Na sha jin jawabai a tarukan sulhu, ban ji wanda ya nuna yadda gaba ke cin mai ita kamar hannun yaron nan ba.

Gwanintar Miyazaki ita ce ya ƙi ba ka mugu guda da za ka tsine wa ka huta. Eboshi, shugabar garin maƙera, ita ke sare kurmi don narka tama, ita ke harbin dabbobi. Amma ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su aiki, suna taka zugazugi da ƙafa suna waƙa, ita ce ta wanke wa kutare miki ta ɗauke su mutane. San, yarinyar da macen kyarkeci ta rena, tana da gaskiya wajen kare daji, amma zuciyarta cike take da son kisa. Kowa da hujjarsa, kowa da jini a hannunsa. Duk wanda ya ga buhunan gawayi jere a bakin hanyoyinmu ya san matsalar: mai sarar itacen yana neman kuɗin makarantar 'ya'yansa ne, dajin kuma yana ƙarewa.

Sannan ga zanen kansa. Ubangidan daji, mai jikin barewa da fuska kamar ta mutum, idan ya sa ƙafa tsiro na fitowa nan take ya bushe nan take. Ba kiɗa, ba magana, rai da mutuwa a taku ɗaya. Miyazaki ya san inda zai yi shiru, abin da masu shirya finafinanmu suka kasa koya. Duniya ta shaida: fim ɗinsa Spirited Away ya ci Oscar a 2003, wani fim ɗin nasa, The Boy and the Heron, ya sake ci a 2024.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa gane darajar siffa da hannu ya ƙera. Nok tana nan ƙasar Ham, kusa da Kwoi. Mutanen da suka gina kawunan yumɓun nan sama da shekara 2,000 da suka wuce sun san narka ƙarfe. Shahararren kan nan da aka tono a wurin haƙar kuza a yankin Jama'a, sai da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos a 1943. Har yau halinmu bai sauya ba. Yaro ya cika bayan littafinsa da zane, sai ya sha bulala. Ga duwatsun Kagoro, ga ruwan Matsirga, ga bikin Afan da Tuk-Ham, ga tatsuniyoyin Atyap da Bajju da Fantswam, duk muna zaune a kansu, yaranmu na haddace sunayen jaruman Japan a waya.

Malaman zane na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na makarantun sakandare, ku nemo fim ɗin nan ku nuna wa ɗalibanku, ku tattauna shi a aji kamar yadda ake tattauna littafin adabi. Iyaye kuma, idan kun ga yaro yana zane, ku saya masa fensir da takarda, ku sauke bulalar nan.